Motar Kara da Fadar Hogwarts

A shekarar 2018 kamfanin Lego na ƙasar Danmak ya fitar da wani kwali mai lamba 71043. A cikinsa akwai ƙananan bulo na roba guda 6,020, an kasa su a ledoji masu lamba, tare da littattafan zane da ke nuna mazaunin kowane guda. Wanda ya daure ya bi zanen har ƙarshe zai ga Hogwarts ta tashi a kan teburinsa, wato makarantar nan ta labarin Harry Potter, da hasumiyoyinta da babban zaurenta da dutsen da aka ɗora ta a kai. Tsayinta santimita 58, faɗinta 69. Babu gam a ko'ina, babu ƙusa. Kowane bulo ɗan'uwansa ne ke riƙe da shi.

Kuɗin kwalin a lokacin da ya fito ya kusa dala 400. A ƙasar da aka yanke mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000 a 2024, ba sai an tambayi yaran Unguwar Shanu ko Badarawa ko sun taɓa buɗe irinsa ba. Ko a Turai da Amurka ma, irin wannan babban kwali manya ake yi wa, mutanen da suka karanta littafin J.K. Rowling na farko suna yara bayan fitowarsa a 1997, suka girma suka kama aiki, suka koma neman abin da suka so a ƙuruciya. Lego ya fara yin kayan Harry Potter a 2001, shekarar da fim na farko ya fito. Ya dakata, ya dawo, ya sake dakatawa, daga 2018 kuma bai ƙara tsayawa ba. Akwai layin shagunan Diagon Alley mai guda 5,544 da ya fito a 2020, akwai jirgin ƙasan makarantar mai guda 5,129 na 2022. Na san iyayen da ko sunan labarin ba sa son ji saboda sihirin da ke ciki, kuma kowa shi ya san abin da zai bari ya shiga gidansa. Ni magini nake kallo, shi da hannunsa.

Gwanintar da ta tayar da wannan fada ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Duk wanda ya tashi a Kawo, Unguwar Dosa, Hayin Banki ko Tudun Wada kafin waya ta shiga hannun kowa, ya taɓa ganin yaro zaune a gindin katanga da guntun reza da 'yan karare, kafin a kira la'asar ya tayar da gingimari mai ƙafa goma. Motar kara ke nan. Ana ce mata wasan yara a wuce. Alhali abubuwa biyu da masu zana kayan Lego ke tinƙaho da su duk suna cikinta: haɗi mai riƙe kansa, da idon da ke rage babban abu ya dawo ƙarami bai rasa kamanninsa ba.

Mu fara da haɗin. Ole Kirk Christiansen, wanda ya kafa Lego, kafinta ne a garin Billund, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Bulon roba na farko da kamfaninsa ya yi suna da 'yan kawuna a sama, amma cikinsu fayau yake, don haka da an ɗan taɓa gini sai ya zube. Ranar 28 ga Janairun 1958 ɗansa Godtfred ya kai rajistar dabarar da ta gyara lamarin: ya sa bututu a cikin bulon ta ƙasa. Bulo mai kawuna 8 yana da bututu 3. Idan aka danna shi a kan wani, kowane kai sai ya matse tsakanin bututu da bango. Matsin nan shi ne komai. Ya isa ya hana gini rushewa, bai kuma kai ya gagari yatsun yaro ɓamɓarewa ba. Bulon 1958 har gobe yana shiga na bana daram. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar, Søren Eilers, ya ƙidaya hanyoyin da za a iya haɗa irin wannan bulo guda 6 masu launi ɗaya, ya samu 915,103,765.

To, ɗauki karan dawa ka duba. Jiki biyu gare shi: ɓawo mai tauri da santsi a waje, da totuwa fara mai taushi a ciki. Yaro zai yanke shi tsakanin gaɓa da gaɓa, ya kama bakin ɓawon da haƙori ko reza, ya tsage shi siri-siri har totuwar ta fito fes. Daga abu ɗaya ya samu kayan gini iri biyu. Totuwa ce ginshiƙi da katako, ɓawo ne ƙusa da rodi. Sai ya fiƙe bakin ɓawon ya soka shi a totuwa, ita kuma ta buɗa ta karɓe shi, ta dawo ta matse. Ba ya buƙatar gam ko zare. Idan wuri bai yi masa ba, ya zare ya sake sokawa a gefe. Matsin da Godtfred ya kai rajista, Allah ya riga ya ajiye shi a cikin karan gonarmu, yara kuma suka gano shi da kansu.

Ganowa daban, iyawa daban. Gwani tun daga zaɓen kara ake gane shi. Ɗanye ba ya yi, don idan ya bushe sai ya tsuke haɗin ya saki. Wanda ya kwana cikin ruwa a gona totuwarsa ta riga ta mutu, tana marmashewa a hannu. Wanda tsutsa ta shiga za ka ga ɗan rami a jikinsa, gwani ba zai ɓata lokacin ɓare shi ba. Karan masara yana taimako idan an rasa, amma na dawa ake nema, musamman dogayen nan na kaura da farafara masu tazara tsakanin gaɓoɓi. Shi ya sa motar kara take da lokacinta. Sai an yi girbi, iskar hunturu ta busar da komai, an fara shigo da dammunan kara daga gonakin Rigachikun da Afaka da bakin kogi don danga da abincin dabbobi da murhun masu ƙosai da waina. A lokacin ne za ka ga yara suna bin jaki ko baro suna tsintar abin da ya faɗi.

Daga nan sai sanin kauri. Tsinken da ya yi ƙiba tsaga totuwa yake yi, wanda ya yi siriri kuma rawa zai riƙa yi a ciki. Idan aka soka biyu a wuri ɗaya daga gefe daban-daban, sun cinye naman wurin, ba abin da zai riƙe su. Gwani yakan soka nasa a karkace, ɗaya ya nufi dama ɗaya hagu, yadda in an ja ginin sai su ƙara cijewa. Akwai kuma darasin da kowane mai motar kara yake koya ranar da bodinsa na farko ya langaɓe gefe guda: kusurwa huɗu ba ta tsayawa ita kaɗai, sai an gicciya mata kara daga wannan lungu zuwa wancan. Wannan gicciyen shi ne a jikin manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki, shi ne a rufin da kafinta yake ɗorawa. Ɗalibin injiniya sai ya shiga aji ake zana masa shi a allo. Ɗan shekara tara ya san shi a yatsunsa.

Lanƙwasa ma fanni ce. Busasshen ɓawo karyewa yake in an tilasta shi, sai an jiƙa shi a ruwa ko an ɗan tsotse shi a baki, sannan a bi shi a hankali da babban yatsa. Da wannan ake yin tabarau, wanda shi ne karatun farko: da'ira biyu na ɓawo, guntayen totuwa su haɗa su, hannuwa biyu su tafi kunne. Wanda ya iya tabarau sai ya wuce keji, mai ƙofar da ake zugewa sama. 'Yan mata kuwa a nan suke nuna tasu, su yi wa 'yar tsana gado da kujera da jeren ɗaki, aikin da ya fi na mota son natsuwa saboda ƙanƙantarsa. Kuma duk ana yi ne da jini a yatsa, domin ɓawon kara yana yanka kamar sabuwar reza. Ban taɓa ganin wanda yankan ya sa ya bar aikin ba. Tsotse yatsa ake yi a ci gaba.

Ƙafa ita ce ke raba mai koyo da gwani. Da sakaina ake yin ta a da: a ɗora gindin gwangwani a zana da'ira, a ɓalle gefe-gefe, a goga a dutse ko daɓen siminti har ta zagaye. Daga baya tsohon silifa da murfin kwalba suka karɓi aikin. Matsalar duk a huda take. In ramin ya kauce wa tsakiya ko da kaɗan ne, mota za ta riƙa ɗingishi, kuma 'yan unguwa ba sa yafe wannan. Sannan dole ƙafar ta juya ba tare da ta cinye totuwar da ke ɗauke da ita ba, shi ya sa mai wayo yake zura sandar ƙafa a cikin bututun tsohon biro, sanda ta juya a roba, bodi ya huta. Bakanike zai gaya maka sunan wannan da Turanci, ya kuma gaya maka kuɗinsa.

Sai maganar ido. Justin Ramsden, wanda ya tsara waccan fada ta 2018, babbar matsalarsa ita ce abin da zai bari. In ya gina ta daidai da girman 'yan mutanen Lego da aka saba, ba teburin da zai ɗauke ta. Sai ya rage ta ƙwarai, ya zuba mata 'yan mitsi-mitsin mutane 27, guntun roba mai ɗaukar haske ya tsaya a madadin taga, wani ɗan tsini ya zama kan hasumiya. Maginan Lego suna da lissafin da suke ji da shi: tazarar kai da kai milimita 8 ce, kaurin falle ɗaya milimita 3.2, don haka falle 5 daidai suke da kawuna 2. Da wannan suke kwantar da bulo a gefensa ya shiga cikin bango ba gibi, su fitar da ado inda ba a zata ba. Ita kanta fadar da ake gani a finafinan daga nesa, ƙaramin gini ne da aka yi da hannu, kashi 1 cikin 24 na girman da ake nufi, yana nan a ɗakin shirya fim na Leavesden kusa da Landan ana zuwa kallo.

Yaron da ya tsaya a tashar Kawo yana kallon manyan motoci wannan tambayar yake amsawa: mene ne in na bari, roka ta daina zama roka? Ba zai iya yin inji ba, ba zai iya yin kowane noti ba. Sai ya ɗauki hancin roka, da tsanin da ke gefen bodin katako, da madubin da ya fito waje, da robar da ke lilo a bayan ƙafa, da ɗan allon da ake rubuta kirari a goshi. In ya dace, tun daga nesa za a ce, “Kai, wannan ai roka ce!” Ba shi da tef ɗin awo. Guntun kara ɗaya yake yankewa ya mai da shi ma'auni, komai a jikinsa za a gwada, bodi tsawonsa uku, kai ɗaya, ƙafa rabi. Abin da yake gani shi yake ginawa: yaran wajen Mando da Kawo, da jiragen sojan sama ke shawagi a kansu, sun iya fiffike da farfela, tun kuma da jirgin ƙasan Abuja ya fara tashi daga Rigasa a 2016 tarago ya samu masu kwaikwayonsa.

Wanda ya gama da kara yakan koma ƙarfe. Motar waya tana da dogon sitiyari da ke zuwa har ƙugun mai ita, kuma in ya murɗa, ƙafafun gaba su juya da gaske, don ya ɗaure sandarsu a kan maƙalli ɗaya a tsakiya da robar tayar keke. Motar langa-langa daga siririn ƙarfen da ake ɗaure dila take, irin dilolin gwanjo da ake kwancewa a Kasuwar Barci, kuma da yake yana da tsalle, har sifirin ake yi mata ta riƙa lilo a kan gargada. Motar gwangwani ta fi su duka neman haƙuri. A farke gwangwanin madara, a daddale shi da dutse, a kalmashe bakinsa don kada ya yanki ƙane, a huda da ƙusa, a fitar da ɗan harshe a wannan falle ya shiga tsagar wancan a lanƙwashe. Irin kalmasar da mai yin mazurari da bokiti da akwatin ƙarfe yake ci da iyalinsa da ita ke nan.

Ba wanda ke koyar da wannan a aji, amma yana da tsarinsa. Ƙarami ɓare kara ne aikinsa da tsinto marafan kwalba. Yana zaune yana kallo har ranar da zai ce, “Yaya, ara mini rezar in gwada.” Yayan ya miƙa masa, ya bar shi ya ɓata totuwa biyu uku, sannan ya ce, “Kawo nan, ba haka ake riƙewa ba. Kwantar da ita.” Irin zaman da ake yi ke nan a Tsohuwar Panteka, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda yaro ke fara wa ogansa da miƙo sifana kafin a ba shi walda, inda ake ƙera injin markaɗe da baro da ƙofar gida da tukunya daga ƙarfen da wasu suka zubar. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabantar kwalejin an ƙulla alaƙa da masu sana'ar Panteka don masu koyo su samu takardar shaidar ƙwarewa, kuma a ganina wannan yana cikin abubuwa mafi ma'ana da aka yi wa ilimi a garin nan. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, ita ma hedikwatarta a nan Kaduna take, a titin Bida. Jelani Aliyu, da aka haifa a Kaduna a 1966 ya tashi a Sakkwato, wanda ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, sana'arsa ta wannan idon ce, kuma a irin ɗakunan da ya yi aiki har yanzu da hannu ake fara sassaƙa mota a yumɓu kafin ta je masana'anta.

Kada a ce na raina littafin zane. Wanda ya bi shafi ɗari-ɗari ya haɗa guda 6,020 ya koyi abin da mai motar kara bai samu ba: karanta zane, bin mataki, ware kaya kafin a fara, komawa baya shafi ashirin a nemo inda aka kuskure guda ɗaya. Kaduna ta san darajar wannan, tunda a ƙetaren kogi, a Kakuri, aka buɗe masana'antar Fijo a 1975, inda aka riƙa kawo sassa a akwatuna a haɗa su bisa tsari su fito mota ƙirar 504. Da yaranmu za su haɗa wannan tarbiyya da idon da suke da shi, da an ga aiki. Bulon roba na kwaikwayo daga ƙasar Sin yana shagunan kayan wasa, akan kuma ci karo da na gwanjo a leda, ba kwali ba littafi. Wannan na biyun ya fi mini, don dole yaro ya nemo ginin a kansa.

Manyan maginan Lego ma inda suka ajiye littafi ne suka yi suna. Alice Finch, wata mata a yankin Siyatil na Amurka, ta gina tata Hogwarts da bulo kusan 400,000, da ɗakunanta da farfajiyarta, ba wanda ya zana mata. Ekow Nimako, ɗan asalin Gana mazaunin Kanada, ya ɗauki baƙaƙen bulo kimanin 100,000 ya tayar da Kumbi Saleh, babban birnin tsohuwar daular Gana, yadda yake hangen sa bayan shekara dubu, aikin yana gidan tarihi na Aga Khan a Toronto. Bai nemi fadar Turawa ba, tasa ya gina. Ina jiran ranar da wani yaro zai tayar da Lugard Hall da ƙubbarsa, ko Masallacin Sultan Bello da hasumiyoyinsa, da kara ko da roba, kowanne ya samu.

Akwai wani ɓangare na harkar Lego da ba ya burge ni. Da yake kamfanin yana daina buga kowane kwali bayan 'yan shekaru, wanda ba a buɗe ba yakan yi tsada, har wasu suna saye su jibge a ɗaki suna jiran farashi, suna cinikinsu a kasuwar intanet irin BrickLink, wadda Lego ya saye a 2019. Kasuwanci ne, halal ɗinsu. Amma bulon da ke cikin leda bai koya wa kowa komai ba. Motar kara ba ta da wannan matsala. Ba ta daɗewa: ƙane ya taka, akuya ta tauna, gara ta gama da saura. Sai a sake wata, kuma ta biyun kullum ta fi ta farko, don an riga an san inda waccan ta karye.

Abin da ke damuna shi ne zaman gindin katangar yana watsewa. Gonakin da ke bakin unguwanni sun zama filoti, kara ya yi nisa, motar roba ta Sin ta yi araha, waya kuma ta kama yatsun da a da reza ce a cikinsu. Wasu iyayen ma korar yaro suke in sun gan shi da gwangwani, wai yana tara shara. Sana'ar da ba ta da littafi, in aka samu tsara ɗaya da ba ta koya ba, ta tafi ke nan.

Don haka ina roƙon shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya a Kawo, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Sarki da Rigasa, da iyaye maza da mata: idan kaka ta yi, a sayi damin kara ɗaya a ajiye a makaranta ko a zaure. A ware wa yara yamma guda a mako, babba na kusa saboda reza. A ƙarshen zango a jera abin da suka gina a kira iyaye su gani, a ba gwani kyauta yadda ake ba wanda ya zo na ɗaya a lissafi. Malaman da za su koyar suna nan da ransu, suna walda a Panteka, suna kwance inji a garejojin Kawo da Mando. A je a gayyato su tun girbin bana.